Kurakuran da sababbin malamai ke yi wajen koya wa ɗalibai tantance labari da ɗaukar bidiyo

Kusan kowace shekara da an koma lakwal, sai a sami wani sabon mushe da ya dawo daga taron ƙara wa juna sani a Yamai, ya ce zai koya wa yara gane labarin ƙarya da haɗa bidiyo. Niyyar mai kyau ce, aikin kuma ana bukatarsa a Damagaram. Sai dai ramin da na bara ya faɗa shi na bana ke faɗawa, ni kuwa na gaji da maimaita magana ɗaya a gindin dogon yaro lokacin hutu.

Na farko, shigowa aji da jaridar Faransanci. Ɗan kwaleji a Birni ko Zango ba daga jarida yake samun labari ba. Abin da ke isa kunnensa saƙon murya ne da Hausa a gurup ɗin dangi, da guntun bidiyo a TikTok, da abin da yayyensa suka faɗa a fada ana shan shayi, sai rediyon da uwarsa ke kunnawa tana aiki. Idan ka kawo masa sharhin jarida, zai kwafe a kaye, ya ci maki, ya fita ya tura wa mutum ashirin saƙon da ke cewa wani likita ya gano guba a cikin kayan miya. Ni cewa nake su zo da saƙon da ya zaga gidansu a satin. Mu saurara tare, sannan in rubuta tambaya uku a allo: wa ke magana, yaushe, a ina? Da kansu suke lura cewa mai muryar ya ce “jiya da dare” bai faɗi rana ba, ya ce “wani babban likita” ba suna, ya rufe da “don Allah ku tura wa ƴan uwa Musulmi”. Ina kuma nuna musu kibiya biyun nan da WhatsApp ke ɗora wa saƙon da ya bi hannu biyar ko fiye. Da yawa sun sha ganinta ba su san amfaninta ba. Tunda kundin tsarin mulki na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ban ga abin jin nauyi ba a yi wannan darasi da ita, ko da za a rubuta taƙaitawar da Faransanci daga baya.

Na biyu ya fi muni, kuma masu yinsa gani suke burgewa ce. Malami ya tsaya gaban yara ya ce kada ku yarda da komai, duk ƙarya ce, rediyo ƙarya, tele ƙarya, intanet ƙarya. Haba malam! Yaron da ka koya wa haka ba wayo ka ba shi ba. Gobe ma’aikatan lafiya za su zo rigakafi ya ce ai mushe ya ce kowa maƙaryaci ne, kuma a ƙarshe maganar da zai ɗauka ita ce ta wanda ya fi kowa ɗaga murya a fada. Mun ga abin da jita-jita ta yi a Kano a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta. Lokacin babu WhatsApp, babu Facebook. Ke nan ba salula ce ta haifi matsalar ba, kuma zagin salula ba zai kashe ta ba.

Ƙanin wannan kuskure shi ne mai da aji filin siyasa. Tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da rufe RFI da France 24 da ya biyo baya a watan Agusta, kowane gida da tashar da ya yarda da ita da wadda ya tsana. Malami ya shigo ya ce wannan tasha ita ce mai gaskiya, waccan ta maƙiya ce, ko akasin haka, to ya raba ajinsa biyu, kuma kafin magariba maganarsa ta isa kunnen iyaye da ƙari. Ni ina farawa da labarin da ba ya tada jijiyar wuya, wanda yaro zai iya tabbatarwa da ƙafarsa. An ce tiyar gero ta yi kaza a kasuwar Dole? Mutum biyu su je su tambayi ƴan kasuwa uku. An ce unguwa kaza ta yi sati ba ruwa a famfo? Akwai ɗan unguwar a aji, ga kuma ƴan garuwa. Sai sun saba da haka nake ba su labari ɗaya su saurare shi a Muryar Sahel, da Anfani, da shirin Studio Kalangou, su gaya mini wanne aka sa a gaba, wa aka ba dama ya yi magana, wa aka bari. Ba na tambayarsu wa ya yi ƙarya. Wasu abokan aiki na cewa wannan tsoro ne. Su ce.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: sakin yara cikin gari da salula ba izni. Wata shekara na miƙa wa wani sabon malami ƙungiyar bidiyon da muka kafa, shi kuma don zumuɗi ya tura yara kasuwa su ɗauko “rayuwar jama’a”. Suka sami wata mai nono tana cacar baki da mai saye, mayafinta ya zame, suka ɗauka tana faɗa ba ta sani ba. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora kiɗa a kai ya saka a TikTok. Kwana biyu, sai ga mijinta da ƴan uwansa a ƙofar lakwal. Sai da mai unguwa ya sa baki, muka je har gida muka ba da haƙuri, matar ko fitowa ba ta yi ba, kuma tana da gaskiya. Darakta ya hana salula shiga lakwal har ƙarshen shekara, ƙungiyar ta watse, iyayen ƴan mata biyu suka ce ko an sake buɗewa ƴaƴansu ba za su dawo ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta fi kowa iya yanka bidiyo. Shi malamin abin da ya iya cewa kawai “ai ban ce su saka ba”. To wa zai ce kada su saka? Ka ba ɗan shekara goma sha huɗu bidiyon ban dariya ka zaci zai ajiye? Kuma a tuna akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda a watan Yuni 2024 aka maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Tun daga nan tsarina bai canza ba: da salulata kaɗai ake ɗauka, kuma abu na farko a kowane bidiyo shi ne muryar mutumin yana cewa ya yarda, ya san inda za a nuna. Matar aure, a nemi gidanta tukuna. Ƙaramin yaro, sai da iyayensa. Babu abin da ke fita daga aji sai wanda aka ɗauka ya gani da idonsa.

Sauran ƙanana ne. Jiran sai an kawo kyamara da kwamfuta: salula ɗaya ta ishi aji. Mantawa da sauti: iskar hunturu da ƙarar kabu-kabu sun kashe hira mai kyau ba adadi, a shiga ɗaki a matso da salula kusa da baki. Ɗaukar mutum rana na bayansa, sai inuwa. Ba da aikin gida mai cin kuɗin intanet, alhali wani yaron da kyar ya sami na karin kumallo. Shirya darasin binciken hoto da Google Lens ba ka sauke komai ba, ranar kuma a ɗauke wuta. Miƙa wa samari salula, ƴan mata su riƙe kaye: a riƙa juyawa.

Akwai kuma masu raba aikin biyu, wata ɗaya surutu kan labarin ƙarya, wata ɗaya koyon bidiyo, kamar ba su haɗa komai ba. Yaranmu sun taso da “gani ya kori ji”, kuma bayani ba ya cire musu shi. Abin da nake yi, in sa su yi hira da ni minti uku kan jarrabawar brebe, in faɗi amfaninta in faɗi aibinta. Rukuni ɗaya ya yanka da manhajar CapCut ya fito da ni ina yabo zalla, ɗayan ya fito da ni ina cewa a soke ta. Fuskata ce, muryata ce, ba a ƙara kalma ko ɗaya ba. Sai in kira ƴan wani aji su kalli guda ɗaya kawai, in tambaye su ra’ayin mushe, su kuma masu yankan suna zaune suna jin amsar. Bayan an tashi ina goge duka biyun a gabansu, don na san inda na biyun zai kwana in na bari.