In za ki tsallaka zuwa Njamena ke kaɗai lokacin zafi

'Yar'uwa, ki bar Kusuri, garin Kamaru da ke kan iyaka da Cadi, da sassafe, ki haye gadar Ngueli kafin rana ta take. A watan Afrilu zafin Njamena yakan wuce digiri 40. Kada ki wahala da canji, sefar Kamaru ita ake kashewa a Cadi. Katin shaida da na rigakafin shawara su zauna a jikinki, ba cikin jaka ba.

Abinci kuwa, ki nemi kisra, mai kama da sinasir, da miyar kuɓewa, ko gasasshen kifi, amma a gasa a gabanki. Karkanjinsu zoɓonmu ne. Ni dai na taɓa shan na ƙulli mai ƙanƙara, kwana biyu cikina yana murɗawa. Ruwan gora kawai yanzu.

Ɗan kilando kuma, wato ɗan acaɓa, ku yanke kuɗi tukuna ki hau.