Yadda ake zaɓa tsakanin G-Wagon G63 da Lexus LX 600 idan a Katsina za a hau

Wanda Allah ya hore wa kuɗin ɗaya daga cikin waɗannan motoci ba ya buƙatar a koya masa ciniki, don haka ba zan tsaya kan wannan ba. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu ke zuwa Abuja ko Legas, su ji rurin inji a wurin dillali, su biya nan take, kafin wata uku kuma a ga motar a bayan tirela an nufi Kudu da ita gyara. Ga matakan da nake ganin ya kamata a bi.

Ka fara da sanin abin da kowace ta ƙunsa. G63 ta Mercedes ce, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya ake haɗa ta. Samfurin da ya fito a 2018 yana da inji V8 mai lita 4.0 da turbo biyu, ƙarfin doki 577, giya tara, kuma daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.5. LX 600 ta Lexus ce, wato reshen motocin alfarma na Toyota, ta fito a ƙarshen 2021, uwa ɗaya uba ɗaya suke da Land Cruiser 300. Injinta V6 ne mai turbo biyu, ƙarfin doki 409, giya goma. In gudu kaɗai kake nema, G63 ta cinye, babu gardama. Sai dai a ina za ka yi wannan gudun? Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne, ga shanu, ga 'yan babur, ga shingayen jami'an tsaro.

Na biyu, ka zauna ka lissafa inda za ka riƙa zuwa da ita da waɗanda za ka ɗauka. G63 mutum biyar take ci, bayanta bai kai yadda ake zato faɗi ba, kuma da yake gilashin gabanta a tsaye yake, za ka sha ƙarar iska a doguwar tafiya. LX akwai mai kujeru bakwai, kuma ta fi laushi a hanyar Kano ko Funtuwa. Dokata a nan guda ce: idan ita ce kaɗai babbar motar gidan, wadda za ta kai Hajiya da yara ɗaurin aure, gobe kuma ta shiga gona a Mashi, LX za ka saya. G63 mota ta biyu ce.

Na uku, ka nemi bakanike kafin ka nemi mota. Ka je gareji da kanka ka tambayi mai gyaranka gaskiya tsakaninsa da Allah: yana da kwamfutar da za ta karanta wannan motar? Ya taɓa buɗe irin injinta? Masu gyaran Toyota sun yi yawa a garin nan, kuma kayan gyaranta sun fi sauƙin samu a Kofar Ruwa a Kano. Ƙaramar matsalar lantarki a G63 kuwa tana iya sa a kira mutum daga Apo a Abuja, kai za ka biya masa kuɗin mota da masauki kafin ya taɓa ko noti ɗaya. Ka sa fetur a lissafi ma, tunda an cire tallafi a watan Mayun 2023. Dukkansu biyu kamfanoninsu sun ce a zuba musu fetur mai daraja, don haka ka riƙe gidan mai guda da ka amince da shi, man bumburutu kuwa kada ya kusance su.

Na huɗu shi ne inda aka fi yin kuka, kuma a nan nake so ka nutsu. A ƙasar nan an ƙware wajen sauya wa tsohuwar mota fuska. A ɗauko G-Wagon ta 2013, a canza mata fitilu da bamba da kujeru, a sa mata dogon allo a gaban direba, a fesa sabon fenti, a ce maka ta 2021 ce. Haka ake yi wa LX 570 a mayar da ita kamar LX 600. Aikin yana kyau har ya ruɗi wanda ya daɗe yana hawan mota, kuma bambancin kuɗin ya isa gina gida.

Kada ka tsaya kallon jikinta. Ka sa a hau da ita kan rami, ka shiga ƙasa da fitila tare da bakanikenka. Tsohuwar G tana da dogon ƙarfe guda da ya haɗa tayoyin gaba biyu, sabuwa kuwa kowace taya da nata hannuwan daban. Wannan ba ya sauyuwa da fenti. Sannan a buɗe bonet: tsohuwar G63 injinta lita 5.5 ne da giya bakwai. A ɓangaren Lexus, LX 570 tana da V8 mai lita 5.7 ba turbo, kuma ƙofar but ɗinta gida biyu ce, sama da ƙasa, alhali ta LX 600 guda ce da ke ɗagawa sama gaba ɗaya.

Daga nan sai lambar shasi mai harafi da lamba 17. Ka duba ta a ƙasan gilashin gaba, da jikin ƙofar direba, da kan shasin kansa, da abin da kwamfuta ta nuna, duk su zo ɗaya. In motar ta Amurka ce, harafi na goma ne ke faɗin shekara: K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023. Ka biya 'yan kuɗi kaɗan a ciro maka tarihinta daga Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci a Amurka, domin da yawan masu araha daga Amurka gwanjon haɗari ne ko ambaliyar ruwa ta cinye su, kuma wayoyin motar da ta sha ruwa ba sa warkewa. Akwai kuma wani abu da dillalai ba sa son ambata. A 2024 Toyota ta yi kiranye ga motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, har ta yarda ta sauya injinan. Idan wadda ake nuna maka tana cikin waɗannan shekaru, ka sa lambarta a shafin Lexus ka ga ko abin ya shafe ta, ko an yi mata aikin. Ni dai 'yar Dubai na fi so, tunda don ƙasashe masu zafi irin namu aka tanade ta. Dillalin da ya hana ka hawa rami ko sa kwamfuta, ka yi masa sallama ko da surukinka ne.

Na biyar, takardun kwastan. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga Jibiya ga Kongolam a kusa da mu, don haka motar da aka ce maka an samo da sauƙi sai ka yi hattara. Ka kai takardun ofishin kwastan a tantance su da lambar shasi kafin ka tura ko kwabo.

Sauran ba su da wahala. Ka gwada ta da tsakar rana, ka bar ta a tsaye da esi a kunne na rabin awa ka ga ko allurar zafi za ta motsa. Ka zaɓi rim mai inci 20, domin mai 22 kyau ne kawai, rami ɗaya zai fasa maka taya. Ka yi cikakkiyar inshora, wadda ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, ka sa na'urar bin sawu. Matatar iska kuma a riƙa duba ta duk wata idan hunturu ya shigo, kuma baƙin mai sai janwe, wanda littafin motar ya faɗa.