Yadda malami zai auna wa ɗalibai nisan duniya ta tara da taku

Idan ɗalibanka a Tawa suka tambaye ka dalilin da ya sa har yau ba a ga duniya ta tara ba, wato wadda ake hasashen tana kewaya rana can bayan duniyoyi takwas da aka sani, alhali ana cewa ta fi tamu girma, kada ka tsaya a bakin allo, ka fita da su fili a bayan gari da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba.

Ka kife ƙwarya a gindin itace ta zama rana, sannan ka ƙaddara cewa taku ɗaya shi ne nisan da ke tsakaninmu da ita, wato kilomita miliyan 150. A taku na farko a ajiye tsakuwa, ita ce duniyarmu. Duniyar Jufita a taku 5, Neftun, wadda ita ce ta takwas, a taku 30. Daga nan sai ka tura yaro mai ƙafa ya ƙirga taku 600, domin lissafin da Konstantin Batygin da Michael Brown na jami'ar Caltech ta Amurka suka fara fitarwa a 2016, aka kuma sabunta shi a 2019, ya nuna duniya mai nauyin tamu sau 5 zuwa 10, wadda matsakaicin nisanta da rana ke tsakanin taku 400 da 800. Kafin yaron ya tsaya, da ƙyar za a gane launin rigarsa.

A nan ne ya dace ka daɗe. Ita duniya ba ta da hasken kanta, na rana ne yake zuwa ya doke ta ya komo, yana raguwa a tafiya, yana kuma raguwa a dawowa. Saboda haka da za a ɗauke Neftun a kai ta taku 600, haskenta zai dushe sau 160,000.

Ka kuma gaya musu gaskiya cewa hasashe ne. Hujjar ita ce wasu ƙananan abubuwa masu kewaya rana daga can nesa, irin Sedna da aka gano a 2003, hanyoyinsu sun karkata gefe guda, kamar garken da wani makiyayi da ba a gani yake kora. Wasu masana kuwa suna ganin karkatar ta samo asali ne daga wuraren da aka fi dubawa. Lissafi ya taɓa cin nasara a 1846, lokacin da ya nuna inda Neftun take, kuma a ganina wannan ya isa a saurari masu hasashen ba tare da an yi musu rantsuwa ba. Babban madubin hangen nesa na Vera Rubin da ke Chile, wanda ya fitar da hotunansa na farko a 2025, zai shekara 10 yana duba sararin samaniyar kudu lungu-lungu, wataƙila ya gano ta idan tana nan.