Matakan Kula da Targaɗen Idon Sawu a Gida

Ana yawan tambayata, musamman 'yan ƙwallo: ƙafa ta gurɗe, idon sawu ya kumbura, me za a yi?

1. Ka zauna, ka daina taka ƙafar.
2. Cire takalmi da safa kafin kumburi ya ƙaru.
3. Naɗe ƙanƙara cikin tawul. Kada ta taɓa fata kai tsaye.
4. Ɗora ta a wurin na minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3.

Hattara: a nan aka fi yin kuskure. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza ko jan ƙafar a kwana 2 na farko. Kumburin kawai suke ƙarawa, ko da mai yin na da kyakkyawar niyya.

5. Naɗa bandeji daga wajen yatsu zuwa sama. In yatsun suka yi sanyi ko ka dinga jin kamar ana tsira musu allura, ya matse, sassauta shi.
6. Ɗora ƙafar kan filo, ta fi ƙirjinka tudu.
7. Sha farasitamol yadda aka rubuta a kwalin.
8. Da zafi ya lafa, fara juya ƙafar a hankali.

In ba ka iya taku 4, ko ƙashin ne ke ciwo in an danna, don Allah je asibiti a duba, wataƙila karaya ce. Haka ma in kana da ciwon suga, je a duba.