Yadda Za Ka Gane Rabon Tsokokin Bayan Cinya a Ƙarfin Miƙe Kwatangwalo

Idan mutum ya tura cinyarsa baya, ko ya miƙe daga sunkuyo, ƙungiyoyin tsoka uku ne ke raba aikin: babbar tsokar mazaunai, da babbar tsokar cikin cinya, da tsokokin bayan cinya. Waɗannan na ƙarshe guda 3 ne, sun taso daga ƙashin da ake zama a kansa, sun tsallake gwiwa, sun kama a saman ƙasusuwan ƙwauri. Da yake gaɓa biyu suka ratsa, wato kwatangwalo da gwiwa, rabonsu ba ya tsayawa a kan adadi ɗaya, yana canzawa ne gwargwadon yanayin gwiwa.

Domin ka ji bambancin a jikinka, kwanta rub da ciki, ka miƙe ƙafa ɗaya sambal, ka ɗaga ta sama kaɗan, wani ya danna bayan cinyarka a hankali kana turjewa. Bayan haka ka lanƙwasa gwiwar zuwa digiri 90, ka maimaita. Yawanci ƙarfin yakan ragu, saboda lanƙwasar ta riga ta gajarta tsokokin bayan cinya, kuma tsokar da ta gajarta sosai ba ta iya ja da ƙarfi, sai nauyin ya koma kan mazaunai. Idan bayan cinyar ya ɗaure a wannan lokaci, ka miƙe ƙafar ka huta. Ka kula kada ƙugunka ya lotsa, domin lotsawar takan sa ƙafa ta ɗagu fiye da abin da kwatangwalo ya yi da kansa.

Wannan tasiri na yanayin gwiwa shi ya kamata ya jagoranci zaɓin atisaye. Mai son ƙarfafa bayan cinya ya sunkuya daga kwatangwalo da nauyi a hannu, baya a miƙe, gwiwa a sake kaɗan, har ya ji tsokar ta ja. Idan kuma yana kwance rigingine yana ɗaga mazaunai, nisanta dunduniya daga jiki yana ƙara wa bayan cinya aiki, kusanto da ita yana rage shi. Tsugunno kuwa, duk da yabon da ake masa, ba ya ba waɗannan tsokoki aiki mai yawa, domin suna tsawaita ta sama suna gajarta ta ƙasa a lokaci guda. Wanda ke da tsohon rauni a wurin ya fara ganin likitan gashin ƙashi kafin ya ɗauki nauyi.