Yadda ake saita rimot na motar wasa kafin ta taka ƙasa

Ko a kasuwar Kejetia ta Kumasi ka sayo motar, ko ɗan'uwa ne ya aiko maka daga waje, kada ka yi gaggawar sauke ta a lungu. Ɗora ta kan bulo tukuna, tayoyi huɗun duka a sama. A nan za a yi duk saitin.

Fara da wayoyi. Wayar sarbo, wato na'urar da ke juya tayoyin gaba, tana shiga ramin CH1 a jikin risiba, wato ɗan akwatin da ke karɓar siginar rimot a cikin motar, wayar ESC mai ba injin wuta kuma CH2. Baƙar waya ko mai ruwan ƙasa ita ce ke zuwa gefen da aka sa alamar ragi.

Sai haɗa rimot da risiba. Tsofaffin motoci masu 27MHz da doguwar eriya sukan shiga siginar juna, amma na yanzu masu 2.4GHz kowace risiba rimot ɗinta kaɗai take ji, da sharaɗin an haɗa su. A irin rimot ɗin Flysky GT3B, ka soka ɗan fulogin da ya zo a kwali a ramin BIND, ka ba risiba wuta, fitilarta za ta riƙa ƙyaftawa. Danne maɓallin BIND na rimot, ka kunna shi kana danne. Da fitilar ta tsaya cak, kashe duka biyun ka zare fulogin.

Daga yau rimot ake fara kunnawa, mota ta biyo baya. Wajen kashewa kuwa mota ce farko.

Murza sitiyari dama. In tayoyi suka yi hagu, juya REV na sitiyarin, wato saitin rimot mai sauya ɓangaren juyi. In kuma suna gurzar jikin mota ko sarbo na kuka a ƙarshen juyi, rage D/R, wato saitin rimot mai ƙayyade iyakar juyin sitiyari.

Abin da na fi so ka ba lokaci shi ne tsayawar mota idan sigina ta yanke, domin shi mutane suka fi tsallakewa. Batirin rimot kan mutu ba sallama, mota kan wuce iyakar sigina, kuma idan ba a saita wannan ba tana iya ci gaba da gudu ba mai riƙe da ita. A Aboabo ko Asawase, inda yara ke wasa a ƙofar gida, aboboya da pragya na ratsawa, ga kwata a buɗe, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Bar kunamar totur a tsakiya, ka danna maɓallin F/S na risiba, wanda ake yin wannan saitin da shi, har fitilar ta ƙyafta. Sannan ka gwada: ja totur kaɗan tayoyi su juya, ka kashe rimot. Idan ba su tsaya nan take ba, sake saitin, kada ka sauke ta.

Yanzu ka nemi fili, ka tuƙa a hankali ba tare da taɓa sitiyari ba. In tana karkata, gyara da ST.TRIM, maɓallin daidaita sitiyari a jikin rimot, kaɗan-kaɗan har ta miƙe.

Batirin motar irin LiPo kuma yana son kula. Kowane gida, wato kowane ƙaramin batirin da ke cikinsa, 4.2V ne in ya cika, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3V ba. Da ƙarfin mota ya ragu, tsaya. Kada ka bar shi a caji ka tafi masallaci, wanda ya kumbura kuwa a daina amfani da shi. Lokacin hunturu ka riƙa kaɗe ƙura daga akwatin risiba bayan kowane wasa.