Yadda ake zaɓar manhajar da za a koya wa ɗalibai zane a kwamfuta

Malamai 'yan uwa, in shugaban makaranta ya ce ku zaɓo manhajar koyar da zane, kar ku fara da tambayar wacce ta fi suna. Kowa Photoshop zai ce muku, amma ita kuɗin haya ake biya wata-wata tun da kamfanin Adobe mai ita ya mayar da sababbin fitowarta na haya a 2013, kuma wacce aka yi wa kirak ɗin nan da masu gyaran kwamfuta ke sakawa, ban da cewa kayan sata ne, sau da yawa da bairos take zuwa ta kashe muku ɗakin kwamfuta duka. Wannan tun yanzu ku cire ta a lissafi.

Abu na farko, ku shiga ɗakin ku nemo kwamfutar da ta fi kowacce rauni, wacce yara ke gudu saboda jan jiki, da ita za a yi gwaji ba da laftof ɗin malam ba. Ku duba RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kan yi, da wace Windows ce a kai. In RAM 4GB ne manhajar zane mai suna Krita za ta tashi ta yi aiki muddin ba a buɗe shafi mai girman gaske ba, in kuma har yanzu Windows 7 ce to manhajar gyaran hoto GIMP 3 da ta fito a Maris 2025 ba za ta hau ba, sai dai ku ɗauko tsohuwar 2.10, kuma ba laifi tana aiki lafiya lau.

Sai maganar wuta da data, wanda gaskiya a wurinmu shi ne ke yanke hukunci. Canva, ta tsara fosta, na da tsarin kyauta na malaman firamare da sakandare, Photopea ma kyauta ce a burauza kuma tana buɗe fayil ɗin Photoshop, amma dukkansu sai da intanet, to makarantar da babu wanda ya ɗauki nauyin data fa? Rabin darasi zai tafi a jiran netwok. Ku fifita wacce za ku sauke sau ɗaya a filash ku bi kwamfutocin kuna sakawa. Kuma ga wani abu da ba a cika kula da shi ba, in NEPA suka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, Krita tana ajiye aiki da kanta lokaci-lokaci, yaro zai dawo ya tarar da mafi yawan zanensa, GIMP kuwa ba ta da wannan, in bai danna Ctrl da S ba shi ke nan ya tafi. Yaron da ya yi minti arba'in yana zane ya rasa shi haka kawai, wallahi mako mai zuwa da ƙyar zai sake sa zuciyarsa.

Na uku, kuma nan nake so ku ɗan daɗe, me yaran za su yi da ita? Don zane daban, gyaran hoto daban, tsara tambari da fosta daban.

'Yan firamare Tux Paint ta ishe su. An yi ta ne don ƙananan yara tun 2002, maɓallanta manya-manya, ba sai yaro ya rubuta sunan fayil ba, kuma malam zai iya kashe sautinta don in kwamfuta ashirin suka fara ƙara lokaci guda ba mai jin maganarku.

'Yan ƙaramar sakandare zuwa babba, in zane ake so na gaske da buroshi da launi, ni dai Krita nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba. Masu zane aka yi wa ita, kyauta ce, kuma tana da wani madubi da in yaro ya ja layi a hagu sai ya fito a dama, sama da ƙasa ma haka. Ku gwada wannan da dagin Arewa ko zanen lalle ko askar da ake yi wa babbar riga, za ku ga yarinyar da ta saba zana fulawa a bayan littafi ta ja layi ɗaya ya fito mata gida huɗu, daga nan ba sai kun roƙe ta ta zauna ba. Akwai kuma yanayin da ke maimaita zane gefe da gefe, daidai da yadda zanen atamfa yake tafiya. GIMP ita ƙarfinta a hoto ne, yanke mutum daga bango, gyara haske, haɗa hotuna, tun 1995 ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka suka fara ta.

Waɗanda kuke ganin za su nemi abinci da abin bayan sun gama, ku ƙara musu Inkscape. Zanenta ko an buɗa shi ya kai girman allon talla ba ya fashewa, irin aikin da masu buga katin biki da bana ke yi da CorelDRAW ke nan a shagunan ɗab'i, wanda ya iya wannan ba zai sha wahalar koyon waccan ba.

Na huɗu gwajin rubutu. Ku buɗe kowacce ku rubuta ƙasa, ɗalibi, ɓera, ku gani ko haruffa masu lanƙwasa sun fito ko akwati-akwati ya bayyana. Yawanci laifin font ne, wato salon haruffan, ba na manhajar ba, ku saka Noto Sans ko Andika matsalar ta kau. Makarantun Islamiyya su gwada Larabci da ajami ma, su tabbatar haruffan sun haɗu kuma sun taso daga dama.

Na biyar, kafin a saka a duk ɗakin ku ɗauki ɗalibai kaɗan, har da wanda bai taɓa riƙe maus ba, ku ba su darasi ɗaya cikakke a kan raunanniyar kwamfutar nan, ku tsaya a baya kuna kallon inda suke maƙalewa. Zane da maus akwai wuya, to kuɗin da za a kashe a lasisi gara a sayi allon zane mai alƙalami ko da biyu ko uku ne, na Huion da XP-Pen sun fi na Wacom sauƙin kuɗi, a riƙa karɓa-karɓa.

Aikin gida kuma, tunda yawanci wayar Android ce a gidajen, ibisPaint tana yi, sai dai ta kyautar akwai talla a ciki, ku sanar da iyaye tun farko. Ku ce kowa ya fitar da aikinsa a fayil ɗin hoto na PNG don ya buɗu a ko'ina, kuma kar ku haɗa wa aji manhaja biyu a zango ɗaya, su kama ɗaya da kyau tukunna sannan a ƙara ta biyun a zango na gaba.